Ƴar Mahauci da Jikan Tsintacce

Aurar da ƴa a ƙasar nan wahala ce. Na yi shekaru ina saɓa ɓarin saniya a kafaɗa a kasuwar Rungis, cikin ɗakin sanyi, har gwiwoyina suka koma ƙara kamar tsohuwar ƙofa, amma duk wannan bai tsufar da ni kamar maganar auren ƴata ta fari ba. Nama ina sauke shi in huta. Maganar mutane da ita na dinga kwana, da ita na dinga tashi.

Ni mutumin Damagaram ne. Ubana mahauci, kakana mahauci. Karatuna bai yi nisa ba, allo kaɗan, lakwal, wato boko, kaɗan, sai aka miƙa mini wuƙa. Da ita na zo Faransa, da ita na ciyar da iyalina a La Courneuve, a wani dogon bene da na'urar hawansa ta fi kwana a lalace. Ba zan faɗi sunan kowa a nan ba. Ita yarinyar ma ban taɓa kiran sunanta ba tunda aka haife ta. Ƴar fari ce, "ke" nake ce mata, tana amsawa.

Ta yi karatun jinya, ta sami aiki a wani asibiti a Lyon. Can ta gamu da yaron. Ba ni ta gaya wa ba, uwarta ta gaya wa, uwar ta yi ta kewaye-kewaye har na ce mata ta faɗi abin da ke bakinta kafin tuwona ya huce. Ta ce Bature ne. Na ajiye cokali. Ta yi sauri ta ce ai Musulmi ne, tun kafin ya san ƴarmu ya musulunta, a hannun abokan da suka tashi tare a unguwa. Haifaffen Lyon ne, amma kakanninsa daga Italiya suka zo, daga wani tsibiri da ake kira Sisiliya. Aikinsa gini, shimfiɗa karo, wato tayil, a ƙasa da bango.

Da ya zo gaisuwa ban yi masa fara'a ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa. An koya masa, na sani, amma ya yi. Aka kawo tuwo miyar kuka da yajin da uwar yarinyar ta zuba da gangan, ya ci yana gumi yana sharɓe bai ce uffan ba. Ni kuwa hannunsa nake kallo. Siminti ya cinye yatsun, faratan duk sun tsage. Hannu ne irin nawa. Tun daga nan zuciyata ta fara saukowa, ko da yake ban nuna ba.

To amma a wajenmu uba ba ya aurar da ƴarsa ta fari da bakinsa. Kunya ce. Kana danƙa ta ga ɗan'uwanka, shi za a je wa, shi zai bincika, shi zai karɓi sadaki. Ni ba ni da wa ko ƙane a Faransa, sai Alhaji. Alhaji ɗan kasuwa ne a Goutte d'Or, yana da kanti na shadda da atamfa da takalma. Ranar da na sauka Paris ban san kowa ba, shi ya kwanar da ni a bayan kantinsa, a kan dilolin yadi, har na sami aiki. Ragon sunan yarinyar nan ma shi ya saya. Kuma tun daga wancan zamani, kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, a bayan kantin nan muke haɗuwa mu mutanen gida, a ɗora shayi, a yi Hausa. Ba ni da wani gari a ƙasar nan in ba wannan ɗan lungun ba. Akwai wani dila da kowa ya san nawa ne, har ya lotsa daidai ni. Na je na ce wa Alhaji ƴarsa ta kawo magana, wuƙa da nama suna hannunsa. Ya ji daɗi, ya ce sai ya yi bincike kamar yadda aka saba.

A nan na yi wauta. Wata Juma'a wani ɗalibi ɗan Tawa da ke zuwa shan shayi ya ji an ambaci Sisiliya, ya ce ai Musulmi sun daɗe suna mulkin tsibirin nan a zamanin da, har yau akwai sunayen gidaje da yawa da Larabci ne aka lanƙwasa. Shi ya faɗa ya wuce. Ni kuwa na kama maganar na rungume. Na dinga juya sunan gidan yaron a bakina ina neman Larabci a ciki, har na soma jin sa. Na fara cewa ai yaron nan gida ya dawo, jininsa ne ya kira shi. Wani mai sayar da salula, wanda bakinsa ba ya rufuwa, ya ce to Malam sai mu fara cire takalmi, ƙila sharifi za ka kawo mana. Aka yi dariya, ni ma na yi, ban musa ba. Ina son in sami abin da zan riƙe in nuna musu.

A gida in za a yi bincike, mutum ake tashi ya tafi garin su yaro. Ya zauna a tasha, ya zauna wajen mai shayi, ya tambayi tsofaffi: waye ubansa, waye kakansa, akwai hauka a gidan, akwai sata, akwai bauta. A nan wa za ka aika, ina? Alhaji ba shi da kowa a Lyon, balle Sisiliya. Abin da ke hannunsa sunan gidan kawai, sai ya bi sunan. Akwai wani Ba'italiye da yake saro takalma a wajensa, ya buga masa waya ya karanta masa. Mutumin ya yi dariya ya ce ai duk Italiya an san irin wannan suna. Ba na sarauta ba ne, ba na sana'a ba, ba na gari ba. Suna ne da ake raɗa wa jariran da aka yar a ƙofar coci. Ma'anarsa ma ke nan: wanda aka tsinta.

Juma'ar da ta biyo Alhaji ya ja ni gefe. To amma gefen kantinsa labule ne kawai, kuma Alhaji bai iya magana a hankali ba. Ya gaya mini abin da mai takalma ya ce. Ya ce shi bai ga laifin yaron ba, amma tushe tushe ne, mutumin da ba a san ubansa ba kowa ya san sunansa da Hausa, ba sai ya faɗa ba.

"Ni dai hannuna ba zai karɓi sadakin nan ba," in ji shi. "Ka ce mata ta yi haƙuri. Ga yaranmu nan birjik, masu digiri."

Muka fito kowa ya sunkuyar da kai yana kallon kofinsa. Sai mai salula ya ce ashe sharifin namu a kwali aka same shi. Wasu suka danne dariya. Wannan da na haɗiye, don ni na jawo. Amma sai wani dattijo, mutumin da muka yi shekaru muna sahu ɗaya, ya ce wai don ya sassauta, a bar Malam ya yi yadda ya ga dama mana, ai dama gidan fawa ba su cika tsananta irin wannan bincike ba.

Babu wanda ya ce masa kul. Alhaji ma zuba shayi ya ci gaba da yi.

Sai ka zama ɗan mahauta za ka san abin da na ji. A Damagaram ina saurayi na nemi wata yarinya, ƴar wani malami a unguwarmu. Tana so na, ina son ta. Aka yi bincike, wanda bai wuce taku kaɗan ba tunda kowa ya san rumfar ubana, aka dawo mana da goronmu. Ba a ce na yi sata ba, ba a ce ba na salla ba. An ce mu rundawa ne, mahauta. Malamin nan kuwa kullum daga hannun ubana yake cin nama, ya sa albarka. Na haƙura, na auri ƴar mahauta irina, kuma ban yi asara ba. Da na haye teku na ɗauka na baro wannan a can. A Paris dukkanmu baƙaƙe ne, ɗan sarki da ɗan fawa layi ɗaya muke bi a ofishin takardu, ɗan sanda ɗaya ke tsayar da mu a metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Kowace babbar salla ni ke zaɓo musu raguna, ni ke sara, ni ke raba musu a leda. Ashe duk shekarun nan suna sane da inda suka ajiye ni. A kan dila nake zaune, su a kujera, ban taɓa lura ba sai ranar.

Ban shanye shayina ba na fita.

A gida uwar yarinyar ta sha kuka. Ba don tana ƙin yaron ba, tsoro take ji. Ta ce wa zai zo mata biki, da wane ido za ta kalli matan da suke taro tare, ga ƙanwar yarinyar tana tasowa, kar a ce gidanmu ne ake ba shegu mata. Ban ga laifinta ba. Ita ma abin da take da shi a ƙasar nan ke nan, matan nan. Yarinyar ta bugo waya, uwarta ta riga ta fesa mata. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta ce, "Baba, mutum yana nan da ransa, kakarsa tana nan da ranta, amma mai takalma kuka tambaya?"

Na ce mata ta iya bakinta. Na kashe wayar. Amma ta faɗi gaskiya, shi ya sa na ji haushi.

Abin da na yi bayan nan ba a yi. Uban yarinya ba ya taka ƙafa ya je gidan masu neman ƴarsa, su ke zuwa. In aka ji, cewa za a yi tallarta nake. Na nemi hutun ranar Alhamis wajen patoro, maigidana na wurin aiki, na hau jirgin ƙasa na tafi Lyon ban gaya wa Alhaji ba. Na sa aka sanar da yaron, ya tarye ni a tasha da motar aikinsa, ya share mini ƙurar siminti a kujera da hularsa. Na ce masa ba wajensa na zo ba, ya kai ni wajen wanda ya fi kowa tsufa a gidansu. Ya ce kakarsa ce, uwar ubansa.

Tsohuwar guntuwa ce, baƙaƙen kaya, ta shuka tumatir da yalo a ɗan filin bayan gidanta. Ta dafa taliya da kifi, ta ce kar in ji tsoro, tunda jikanta ya canza addini ta sayi tukunya daban saboda shi. Faransancinta gurgu, nawa gurgu, sai muka fi fahimtar juna fiye da yadda nake fahimtar ƴan ofis. Na ci abinci tukuna, don ba a tambayar mutum asalinsa da yunwa. Sannan na ce mata ni ban iya kwana-kwana ba. An ce mini sunan gidansu na yaran da aka yar ne. Gaskiya ne ko ƙarya?

Yaron ya yi jajir har kunne. Ita ko gezau. Ta ce gaskiya ne mana, wa ya ce ƙarya ne?

Ta ba ni labarin tana gwadawa da hannu. A garuruwansu, a zamanin da, akwai wani abu kamar ganga ta katako da ake kafawa a cikin katangar gidan matan coci, rabi a waje rabi a ciki. Mace ta zo ta sa jariri, ta juya gangar, ta kaɗa ƙararrawa, ta tafi. Na ciki ba su ga fuskarta ba, ita ba ta ga tasu ba. Da safe wani ma'aikaci ya rubuta yaron, ya laƙa masa sunan da ya ga dama. Wani a ce masa kyautar Allah, wani a ce masa ba a sani ba, wani a ce masa tsintacce. Surukinta, uban mijinta, a gangar nan aka same shi, shi ne farkon mai sunan. Gabansa babu kowa.

Na ce to uwarsa karuwa ce ko me. Haka na faɗa, ban tauna ba. Ta ɗaga kafaɗa ta ce wa ya sani. Wasu cikin shege ne, wasu kuwa matan aure ne da yunwa ta sa suka kai, don a can aƙalla za a ba yaro nono. Ta tashi ta buɗe wani kwanon alewa ta ɗauko wani ɗan ƙarfe, rabin lambar da suke ratayawa a wuya, an karya ta tsakiya. Ta ce a cikin tsumman jaririn aka same shi. Haka matan ke yi: su bar rabi a jikin yaro, su tafi da rabi, in Allah ya buɗa su dawo a haɗa a ba su ɗansu. Wannan ba wadda ta dawo. Ya girma a hannun wata mai shayarwa, tun bai kai komai ba aka tura shi ramin haƙar farar wuta yana ɗauko kaya a baya. Amma har ya mutu rabin ƙarfen yana wuyansa, wai ko da.

Na juya shi a tafin hannuna. Ya sha shafa har zanen ya goge. Ban yi karatu ba, amma na san macen da ta zauna ta karya ƙarfe biyu ba yar da ɗanta ta yi niyya ba. Ko ma da niyya ta yi, shi jaririn me ya aikata?

Ta ce in ina jin mu kaɗai muka iya bincike, to in sake tunani. Lokacin da mijinta, ɗan da tsintaccen nan ya haifa, ya zo neman ta, ubanta ya ce sai dai bayan ransa, ba zai haɗa jini da mutanen ganga ba. Sai suka yi abin da ake yi a tsibirinsu: ta haɗa ƴan tsummokaranta ta bi shi, suka ɓace kwana biyu, suka dawo, dole aka ɗaura aure tunda gari ya riga ya ji. Ubanta bai ƙara yi mata magana ba har ya mutu. Ta faɗi wannan ba tare da muryarta ta canza ba, tana kwashe kwanuka. Daga baya suka taho Lyon, mijin yana aikin gini. Da suka zo karɓar takardun zama ƴan ƙasa aka ce musu in suna so a gyara sunan ya koma na Faransa, ba wanda zai ƙara sanin komai. Mijin ya ƙi. Ya ce ubansa ya shiga rami da sunan nan ya fito da shi, shi ba zai yar da shi a kan teburin ofis ba. Sau ɗaya aka yar da su, ya isa.

Sai ta zauna ta dube ni ta ce saura ni. Ni waye? Sunan gidanmu me yake nufi?

Na ce mu ba mu da sunan gida. Sunan ubana ne kawai aka rubuta mini a takarda, Faransawa suka manna wa ƴaƴana. Amma in asali take tambaya, mu mahauta ne, kuma a wajenmu akwai gidajen da ba sa ba mahauci mata. Ba ta gane ba, sai da jikanta ya sake yi mata bayani da yarensu. Ta yi dariya har ta sarƙe, yaron yana bubbuga mata baya. Ta ce a ƙauyensu ƴar mahauci sai an yi dambe a kanta, don gidan ne kawai ake jin ƙamshin nama ran Lahadi.

"To kai da ka san ɗacin abin," in ji ta, "me ka zo nema a kwanon alewata?"

Na miƙa mata rabin ƙarfen, ta mayar da shi cikin kwanon.

Kar a ɗauka waliyyiya ce. Ta gaya mini a fuskata cewa ranar da jikanta ya bar coci ta yi mako tana kuka, ranar da ya ce baƙar mace zai aura ta ƙara wani makon. Ta ce ba ta so ba, ba za ta yi mini ƙarya ba. Yarinyar ce ta dinga zuwa tana auna mata jini, tana yi mata faɗa a kan gishiri, har ta saba. Ta ce ƴata tana da baki. Na ce na sani, gadon uwarta ne. Na fi son mutumin da zai gaya mini haka a kan wanda zai zuba mini shayi shekara da shekaru yana raina ni a ciki.

Tunda na zo, na yi binciken da ya kamata a yi tun farko. Na tambaye ta hauka, ta ce babu, sai dai taurin kai. Na tambaye ta sata, ta ce babu. Giya, ta ce akwai wani kawun yaron da kwalba ta cinye, ta nuna mini hotonsa a bango, ba ta ɓoye shi ba. Dukan mata, ta ce mijinta ya taɓa ɗaga mata hannu sau ɗaya suna da ƙuruciya, ta nuna masa wuƙar yanka burodi, bai sake ba. Ta juya ta ce wa jikan ya ji dai da kunnensa, wuƙar tana nan, kuma yanzu ga surukin da ya fi ta iya riƙewa. Yaron ya yi murmushin dole. Na lissafa a zuciyata: shi ya san ubansa, ya san kakansa, ya san uban kakansa har da ramin da ya yi aiki. Ni daga kakana ban san kowa ba. Masu kujera a kantin Alhaji ma, in aka matsa musu, da yawa nan za su tsaya.

A hanyar komawa tasha yaron ya ce in sunan ne matsala, a dokar ƙasar nan ƴaƴa suna iya ɗaukar sunan uwarsu, shi ya yarda. Na san don yarinyar ya faɗa, kuma na ga abin ya yi masa nauyi. Na ce masa ya tsayar da motar. Ya tsaya a gefen titi.

Na ce, "Kakanka bai yar da shi ba, kai ne za ka yar saboda masu shan shayi? In ka sake faɗin haka na fasa ba ka."

Ya daɗe yana kallona kafin ya gane abin da na ce. Sai ya kifa kansa a kan sitiyari. Na ce masa ya tashi ya ja mota kar jirgi ya bar ni, kuma ya turo manyansa Paris su zo su tambaya yadda ake yi, da goro, ba da fure ba.

A cikin jirgi gwiwata ta dinga zogi. Ban yi wani farin ciki ba, kar in yi ƙarya. Na san abin da na saya. Mutumin da ya kwanar da ni lokacin da ba ni da ko bargo, zan je in ƙwace abin da na ba shi da hannuna. A wajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, ana mutuwa ba a shirya ba a kan abin da bai kai shi ba. Kuma in na rasa lungun nan, ina zan ƙara zama in yi Hausa da tsarana? Na kai shekarun da ba a sabon aboki. Amma duk sanda na rufe ido sai in ga goron da aka dawo mana da shi a Damagaram, a cikin ƙwarya, an rufe da faifai, ubana ya karɓa ya ce ba komai. Ya koma rumfa ya ci gaba da sara. Ni ba zan zama mai mayar da goron wani ba.

Na isa gida bayan magariba. Na gaya wa uwar yarinyar duk yadda aka yi, har da ganga, har da rabin ƙarfe. Sannan ta ce in matan suka ƙi zuwa fa? Na ce sai mu cinye naman mu kaɗai, dama mu ne masu shi. Ta harare ni, amma ta tashi ta ɗauko mini babbar rigata ta shadda ta hau guga.

Washegari Juma'a ce. Da safe na sa rigar, na shiga metiro na sauka Goutte d'Or, na sayi goro fari manya da alewa wajen wata mata ƴar Mali. Na iske Alhaji yana ɗaga ƙofar kanti. Na gaishe shi gaisuwa cikakkiya, kwana, gajiya, iyali, kasuwa, ban rage komai ba. Sannan na ce na zo karɓar amanar da na ba shi. Na je Lyon da ƙafata, na gani da idona, abin da mai takalma ya faɗa gaskiya ne, kuma na ba su. Tunda hannunsa ba zai karɓi sadaki ba, nawa zai karɓa, hannun fawa ba ya ƙyama.

Ya ce, "Malam, uba da kansa? Ba ka ji kunya ba?"

Na ce na ji, na haɗiye. Na ce alherin da ya yi mini yana nan a wuyana har kabari, ragonsa na layya ni zan ci gaba da sara masa in yana so. Kuma an jima in an sauko masallaci zan zo shan shayi kamar kullum, amma a kujera, gwiwata ta gaji da dila. Duk mai son maganar asali ya zo da sunan uban kakansa mu fara daga nan.

Na zaɓi goro mafi girma na ajiye masa a kan kanta, kusa da almakashinsa. Bai ɗauka ba, bai kuma ture ba. Ban tsaya jiran ya yanke shawara ba. Na ɗauki ledata na fita, na tsallaka titi na nufi shagon mai salula, don shi na yi niyyar ba na biyu.